Gidan Gem da Faifan da Na Tsinta a Akwatin Yaya

Ana saura 'yan makonni damina ta faɗi, Inna ta sa aka fitar da kayan ɗakin soro na gidanmu da ke unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi don a gyara rufi. A cikin kayan akwai akwatin ƙarfe na yayana, wanda ya bari tun da ya yi aure ya koma Argungu da aikin koyarwa. Na buɗe shi, na tarar da littattafansa na sakandare sun yi ja, sai kuma wani faifan sidi a cikin ambulan da ya naɗe da ledar burodi. Ya rubuta sunaye uku a bayansa da baƙar maka: Road Rash, Prince, Dave. Ɗana mai shekara goma sha ɗaya ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Baba, wane fim ne wanga?" Na ce masa ba fim ba ne, wasa ne, kuma in Allah ya yarda zai gan shi yau da dare.

Bai gan shi a daren ba. Laftof ɗina ma ba ta da wurin sa faifai. Sai washegari na je wajen wani matashi mai gyaran kwamfuta kusa da babbar kasuwa, ya ara mini na'urar karanta faifai irin wadda ake jonawa ta waje. Faifan ya karantu, bayan shekara ashirin da ɗoriya a zafin Kebbi, har sai da na yi hamdala a fili. Amma da na danna Prince, Windows 11 ta ce wannan abu ba zai yi aiki a kwamfutar nan ba. Dave ma haka. Road Rash kuwa ya buɗe ido, ya ce bai ga faifansa ba, ya rufe. Dare uku na yi ina fama da su, kuma a cikin dararen nan ne na riƙa tuno yadda abubuwan nan suka shigo garin nan tun farko.

Kafin 27 ga Agusta 1991, Birnin Kebbi fadar masarautar Gwandu ce, amma duk wani babban al'amari na gwamnati Sakkwato ake kai shi. Da Janar Ibrahim Babangida ya ƙirƙiri jihar Kebbi, ma'aikata 'yan asalin wannan yanki suka yi ta dawowa da iyalansu da kujerunsu da talabijin ɗinsu, 'ya'yansu kuma suka zo da abubuwan da mu 'yan cikin gari ba mu taɓa gani ba. A gidan wani irin wannan ma'aikaci a unguwar Gesse na fara ganin abin da muke kira famili gem. Daga baya na san cewa kwaikwayon na'urar Famicom ce da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, masana'antun Taiwan da Sin suka yi ta buga irinta da araha. Kaset ɗinta ruwan ɗorawa ne, an rubuta masa cewa akwai dubban wasanni a ciki, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sabon suna. Akwai Mario, akwai Contra, akwai na tankokin yaƙi, akwai na harbin agwagi da bindigar roba. In kaset ya ƙi tashi sai a zare shi a hura masa iska da baki, a mayar. Mu fiye da goma muke zama a kan siminti, hannu biyu kacal ke akwai, kuma ɗan masu gida ne ke cewa wane zai karɓa.

Ba a daɗe ba masu ido a kasuwa suka gane cewa wannan jira da yara ke yi kuɗi ne. Haka gidan gem ya samo asali. Shago ne ɗan ƙarami, benci biyu, talabijin mai ƙugu ɗaya ko biyu a kan tebur, labule a ƙofa don kada hasken rana ya kashe hoto. A unguwarmu wanda ya fara buɗewa mai sayar da kayan lantarki ne daga kudu, sannan samarin gari suka koya suka karɓe sana'ar. Na'urar Sega ce sarauniyar farko, da Mortal Kombat da Street Fighter. Kayan suna zuwa daga Sabon Gari ta Kano, ko kasuwar Alaba ta Legas, ko kuma 'yan kwatano da ke biyowa ta Kamba. Wanda ya sayi 'yar Amurka bai sani ba, ya jona ta kai tsaye, to ya yi asara, domin wutar can 110 ce, tamu kuwa ta ninka ta. Dole sai da ɗan akwatin rage wuta. Wata kuma in an jona ta sai hoton ya fito fari da baƙi, saboda tsarin launin talabijin ɗinsu ba irin namu ba ne. Masu gidan gem sun san duk wannan ba tare da sun shiga aji ba.

PlayStation ta fito a Japan a Disamba 1994, amma sai wajen ƙarshen shekarun nan ta zauna da gindinta a nan. Ita ce ta mayar da gidan gem filin ƙwallo. Wasan Winning Eleven na kamfanin Konami ya zo mana da rubutun Japananci daga sama har ƙasa, ba mai iya karanta ko harafi ɗaya, amma yaro ɗan aji huɗu zai shiga ya canja tsarin 'yan wasa, ya sauya mai bugun fanareti, ya fita, duk da haddar wuri: sauka uku, danna da'ira, koma dama. Lokacin kuwa zinaren ƙwallon da Najeriya ta ci a Atlanta a 1996 bai huce a zukata ba. Kowa na son Najeriya saboda mutum ɗaya, Tijjani Babangida, ɗan Kaduna da ke buga wa Ajax, wanda masu wasan suka ba shi gudun da ba mai kamo shi. A tura masa ƙwallo ta gefen dama kawai. Har doka aka kafa a shagon da nake zuwa cewa ba a mayar da Roberto Carlos ɗan gaba, domin in aka yi haka wasa ya ƙare tun ba a fara ba. Babbar dokar kuwa ita ce wanda aka ci shi ke biya. Mai 'yar Murtala ɗaya a aljihu, in gwani ne, zai iya wuni a kan benci bai kashe ta ba.

Ina iya ganin mai shagon har yanzu, ranar da na'ura ta ƙi karanta faifai. Zai goge faifan da gefen rigarsa daga tsakiya zuwa baki, ya mayar, mu yi tsit muna sauraron ƙarar juyawarsa. In ta ƙi, sai ya ce idon ya gaji, ya ɗaga na'urar ya kifar da ita a kan tebur, cikinta na kallon sama. Sau da yawa a haka take tashi. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fanka ɗaya da ke shagon ba mu ake kunna wa ba, na'urar ake kunna wa. In an ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, to rigima ta tashi kan ci nawa ne kuma minti nawa ya rage, har sai an tayar da janareta.

Iyayenmu ba su so gidan gem ba, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Yara sun gudu daga Islamiyya saboda shi. An taɓa canjin cefane saboda shi. A wasu shagunan manyan samari sun sa kuɗi a kan wasa, abin ya zama caca tsagwaronta. Malaminmu na Islamiyya yakan turo manyan ɗalibai su ɗaga labule su duba fuskoki. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai hana mu gaba ɗaya ba, sharaɗi ya kafa: Alhamis da Juma'a kawai, bayan la'asar, kuma kiran magariba ya same mu a gida. Mai shagon namu shi ma yana kashe talabijin da zarar an kira salla, ko da kuwa ana bugun fanareti. Abin da iyaye ba su gani ba a lokacin, ni ma sai da na girma na gani, shi ne cewa a shagunan nan ne dubban yaran garin nan suka fara taɓa na'ura ba tare da tsoronta ba.

Kwamfuta ta biyo wata hanyar daban. Ta shigo ta ofisoshin gwamnati da shagunan buga takardu da ke kan titin Ahmadu Bello da kewayen kwalejin kimiyya da fasaha wadda yanzu ake kira Waziri Umaru, inda ɗalibai ke kai aikin kammala karatu a buga musu. Galibinsu tsofaffin Pentium ne da ofisoshin Turai suka gama yayi, wasu ma da tambarin wurin da suka baro a jikinsu. Ana lulluɓe su da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, kuma sai ka cire takalmi kafin ka shiga ɗakin. Makarantun koyon kwamfuta na wata uku da wata shida suka buɗe, ana koyar da buga rubutu da Mavis Beacon. Yayana ya shiga ɗaya daga cikinsu bayan ya gama sakandare. A can ya gano cewa a cikin kusan kowace kwamfuta, a wata kusurwa da malami ba ya nunawa, akwai Dave da Prince.

Dangerous Dave na John Romero ne, wanda daga baya ya shiga cikin waɗanda suka yi Doom a 1993. Ɗan mutum ne mai jar hula, ya ɗauki kofi ya nemi ƙofa, mataki goma. Prince of Persia kuwa wani Ba'amurke ne, Jordan Mechner, ya fitar da shi a 1989, ya iso kwamfutocin DOS a 1990. Ƙanensa ya ɗauka a bidiyo yana gudu yana tsalle, sannan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana zanawa, shi ya sa tafiyar yariman ta yi kama da ta mutum har ta riƙa ba mu mamaki. Minti sittin aka ba ka ka fita daga kurkuku ka ceci gimbiya daga hannun waziri. Duk wasan yana shiga fulofi ɗaya mai cin megabait 1.44, bai kai nauyin hoto ɗaya da waya ke ɗauka yau ba. Road Rash na kamfanin Electronic Arts ya fara a Sega a 1991, ya zo Windows a 1996: tseren babura a titunan Kalifoniya, ana duka da kulki da sarƙa, ɗan sanda na biye. A garin da kabu-kabu ke kai kowa ko'ina, ba sai an yi wa yaro bayanin wannan wasa ba. Da Windows XP ta fito a 2001, shagunan intanet suka yawaita, sai wasan Vice City ya karɓe fage, yara suna rubuta kalmomin sirrinsa a bayan littafin lissafi, panzer don tankar yaƙi, aspirine don cika lafiya. A wannan zamanin ne yaya ya biya aka ƙona masa faifan nan.

To me ya sa abin da ya tashi a tsohuwar Pentium ya gagari na'urar da ta ninka ta ƙarfi sau ɗaruruwa? Yadda na fahimce shi, wasa kamar falke ne da ya sauka a baƙon gari. Bai san inda ruwa yake ba, bai san hanyar kasuwa ba, komai sai ta hannun mai masaukinsa, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Prince da Dave mai masaukinsu DOS ne, harshensa kaɗai suke ji, kuma sun saba ya bar su su yi magana kai tsaye da allo da na'urar sauti. Windows 95 da 98 a kan DOS aka ɗora su, kamar bene a kan tsohon soro, don haka baƙin ba su rasa wurin kwana ba. XP sabon harsashi aka yi mata, amma an ware ɗaki ɗaya da ke kwaikwayon DOS, wasanni suna tashi ko da sauti na ba da wahala. Sai kwamfutoci suka buƙaci ƙwaƙwalwar aiki da ta wuce gigabait 4, aka koma tsarin bit 64, kuma a wannan tsarin babu wancan ɗakin. Duk manhajar da aka rubuta da tsarin bit 16 ta rasa masauki. Windows 11 da ta fito a 2021 kuwa bit 64 ce zalla. Faifan yaya bai lalace ba, ko harafi ɗaya bai goge ba. Gidan da wasannin suka sani ne babu shi.

Maganin ya fito daga hannun wasu 'yan ƙasar Holan biyu, Peter Veenstra da Sjoerd van der Berg, waɗanda suka fitar da DOSBox a 2002, kyauta ga kowa. Manhaja ce da ke gina tsohuwar kwamfuta sukutum a cikin sabuwa, har da na'urar sautinta. Na sauke ta, baƙin allon nan ya bayyana da ɗan layinsa mai ƙiftawa, irin wanda rabona da shi tun ina saurayi. Na nuna mata jakar da na zuba wasannin na ce ta ɗauke ta a matsayin faifan C, na shiga, na rubuta prince, na danna. Sai kiɗa ya tashi. Na daɗe zaune ban taɓa komai ba, domin ban taɓa jin wannan kiɗan haka ba. Kwamfutocin da muka yi wasan a kansu ba su da lasifika, ɗan ƙaramin abin ƙara ne kawai a cikinsu mai tsit-tsit kamar gyare. Ashe duk shekarun nan da cikakken kiɗansa. Ga wanda zai gwada: wasu tsofaffin wasannin suna auna gudunsu da gudun injin, don haka in wasa ya zabura kamar an kore shi, Ctrl da F11 na rage masa gudu, Ctrl da F12 na ƙara masa, Alt da Enter kuma na cika allo.

Road Rash ya fi ba ni aiki, ko da yake shi ɗan zamanin Windows 95 ne mai bit 32, wanda har yau ana karɓar irinsa. Na mayar da laftof ɗin wurin matashin nan mai gyara, wanda wasan ya girme shi. Ya ce, "Malam, ba ni minti goma." Ya bayyana mini cewa wasan yana duba wani kundin rajista da Windows ke ajiyewa don ya san inda aka zaunar da shi, amma a tsarin bit 64 an ware wa tsofaffin manhajoji wani shafi daban a kundin, shi ya sa yake lalube bai ga komai ba har ya ɗora laifin a kan faifai. Ya rubuta masa adireshin a shafin da ya dace. Ya shiga saitin da ke sa Windows ta yi shigar tsohuwa, ya zaɓi launi 256 da allo mai faɗin 640 da tsawon 480. Babur ya tashi. Ya ƙi karɓar kuɗina, ya ce in dai bar masa kwafi.

Akwai wani abu a tarihin nan da ya tsaya mini a rai. Kusan duk faifan da ya shigo garin nan kwafi ne, an cire masa makullin da kamfani ya sa. Ba na yabon cin haƙƙin mai abu. Amma a shekarar 2000 mafi ƙarancin albashi naira 5,500 ne, dala kuma ta ɗan haura naira 100, wato sabon wasa na asali mai dala 50 ya kusa cinye albashin wata, kuma ba shagon da ke sayar da shi ko da kana da kuɗin. A 2015 Windows 10 ta daina karɓar makullin SafeDisc da aka sa wa ɗimbin faifan asali, saboda ya zama kafar da ɓarayin intanet za su iya bi. Waɗanda suka sayi na asali a Turai da Amurka suka wayi gari faifansu ba ya tashi, irin namu da aka cire wa makulli kuwa yana tashi. Masu kishin adana tarihi a can sun daɗe da farga. Kamfanin GOG na ƙasar Folan ya fara gyara tsofaffin wasanni yana sayarwa tun 2008. Taskar Internet Archive ta sa wasannin DOS kimanin 2,400 a shafinta a farkon 2015. Duk da haka, binciken da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Na yaran yanzu ma sun fi shiga haɗari, domin da yawansu ba sa tashi sai sun gaisa da uwar na'urar kamfani ta intanet. Ranar da aka kashe ta, kamar yadda aka yi wa wasan tseren motoci The Crew a 2024, babu abin da zai rage a akwatin kowa.

A nan gida sana'ar ba ta mutu ba, kama ta sauya. Wayar hannu ta kwashe ƙananan yara, shagunan intanet da yawa sun koma wuraren rajistar jarrabawa, kuma da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015 na ga bambanci da idona tsakanin yaron da ya saba riƙe linzami da wanda hannunsa ke rawa. Gidajen gem na yau PlayStation 4 suke kunnawa a faffaɗan talabijin, da hasken sola, wasannin a cikin na'urar suke, ba mai goge faifai da riga. Shagon da na yi ƙuruciya a cikinsa yanzu cajin waya ake yi da cirar kuɗi. Na tambayi tsohon mai shi ina Segar nan da talabijin ɗin, ya ce 'yan gwangwan sun saye su da daɗewa, a kan kilo.

Wannan ya dame ni ƙwarai. Duk wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta a Argungu zai ga makamai da tambura da kayan su da wasu suka ga ya kamata a ajiye tun ana amfani da irinsu. Ban ce Sega ta kai darajar tamburan Kabi ba. Amma ɗaki ɗaya a Waziri Umaru ko a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi zai ishi Pentium ɗaya mai Windows 98, da famili gem, da PlayStation ta farko, da talabijin mai ƙugu, ɗaliban kwamfuta su gani su kunna su buɗe cikinsu. Talabijin ɗin ma dole ne, domin bindigar harbin agwagin nan da hasken tsohon gilashi take aiki, ba ta ganin komai a faffaɗan allon yau, kuma wannan DOSBox ba ta da maganinsa.

Ranar Asabar da ta biyo baya na ɗauki yaron da laftof ɗin muka nufi Argungu. Ban gaya wa yaya abin da ke tafe da mu ba. Bayan mun gaisa mun ci abinci, na buɗe na ajiye masa a kan tabarma. Ya gyara tabarau, ya dubi kurkukun da tocilan nan biyu masu ci a bango, bai ce komai ba. Ɗan yatsansa na hagu ya tafi kan Shift da kansa, na dama suka hau kibiyoyi. Ya sauka ta inda daɓen ke ruftawa, ya taka a hankali ya wuce ƙusoshi, ya kama bakin katanga ya haye. Ɗana ya matso har kansa na taɓa kafaɗarsa, yana ta nuna masa dama, wai ga hanya can. Yaya ya girgiza kai.

"A'a, ɗana. Akwai mai gadi ta nan, kuma hannunka wofi. Takobin na hagu, can ƙasa, kusa da ƙasusuwan. Matso ka riƙe, in nuna maka."